Shagon Sista Mai Tausa

Lokacin da Sista ta ajiye aikin asibiti, kowa ya ce mata yanzu kam sai hutu. Ita ma ta so ta yarda. Ta yi shekaru masu yawa a ɗakin haihuwa, inda gado ba ya isa, mata na naƙuda a kan benci, ita kuma tana gudu tsakanin wannan da waccan, har ta manta fuskar wadda ta karɓa wa haihuwa da safe. Abin da ya fi ci mata rai duk tsawon shekarun nan shi ne ba ta taɓa samun sukunin zama kusa da mace guda ta riƙe mata baya har ciwo ya lafa ba. Don haka da ta fito, maimakon ta zauna a gida, sai ta kama ɗaki biyu a bayan wani shagon walda, ta sa aka shafa farin fenti, ta ɗaura labule mai kauri, ta rataya takardar shaidarta ta ungozoma a bango.

Ɗakin farko na jira ne. Akwai benci, da fanka mai ƙara, da wata ƙatuwar ƙwallon roba da masu ciki ke zama a kai suna juya ƙugu. A na biyun akwai gado mai tsayi, da tarin matasan kai, da kanta cike da kwalabe: man zaitun, man kwakwa, da wasu ƙanana na ƙamshi da ake ɗigawa kaɗan-kaɗan. Tana yin awo, tana sauraron bugun zuciyar jariri, tana karɓar haihuwar da ta zo da sauƙi. Amma abin da ya sa aka san ta shi ne tausa. Kafin ta bar aiki ta yi wani kwas inda ta koyi tausar masu ciki, da yadda ake danna wuyan hannu don tashin zuciya ya kwanta, da jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, da koyar da numfashin naƙuda. Masu laulayi kuma tana dafa musu shayin citta.

"Wannan duk ba magani ba ne," haka take gaya wa kowace sabuwar zuwa. "Sauƙi ne kawai. Kada ki fasa zuwa awon asibiti saboda ni."

Sai su ce to, idonsu na kan kwalaben.

Da mai walda sun yi yarjejeniya. Idan ta kwantar da mace, sai ta buga bango da tafin hannu, shi kuma ya kashe injinsa na ɗan lokaci. Yakan leƙo ya ce, "Mama, ni da ke ai sana'armu ɗaya, miƙe abin da ya lanƙwashe." Ta ce masa, "Sai dai ni nawa suna magana." Ba ta gaya masa cewa nata yatsun ma sun fara lanƙwashewa ba. Kullum da safe sai ta tsoma su a ruwan zafi kafin su yarda su buɗe.

Cikin masu zuwa akwai wata malamar firamare, kowa Malama yake ce mata. Cikinta na huɗu ne. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a kan hanya fiye da a gida. Ciwon baya ne ya fara kawo ta, tana tashi daga makaranta ta biyo da jakarta cike da littattafan yara da ba ta duba ba. Sista za ta kwantar da ita a gefe, ta sa mata matashi tsakanin gwiwoyi, ta murza mai a tafin hannu har ya yi ɗumi. Kafin ta gangaro daga kafaɗa zuwa ƙugu, Malama ta yi barci. Barci na gaske, baki a buɗe, wani lokaci har da minshari.

Ranar farko da ta farka kunya ta kama ta.

"Wayyo Anti, ki yi haƙuri. Man nan naki ne, akwai abin barci a ciki?"

"Babu komai a ciki sai zaitun. Gajiya ce, 'yata."

"Wallahi a gida ba na samun irinsa."

Daga nan Sista ta daina tashin ta. Idan babu mai jira, takan gama tausar, ta lulluɓe ta da zane, ta zauna a kujera tana matsa nata yatsun har Malama ta farka don kanta, ta duba waya, ta zabura ta fita da takalmi a hannu.

Da cikin ya shiga wata bakwai, Sista ta auna jininta ta ga ya ɗan haura. Ta ce mata lallai gobe ta je asibiti su duba. Malama ta ce to, tana gyara ɗankwali.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta da hantsi, a ranar da ba tata ba, lokacin da ya kamata a ce tana aji. Tun daga ƙofa Sista ta ga fuskar ta cika, idanun sun ƙanƙance. Takalmin ma ba ta iya sa shi duka ba, ta take bayansa.

"Anti, kaina ne. Tun jiya kamar ana sara. Ki ɗan shafa min man na'a-na'ar nan a goshi in kwanta kaɗan, in koma kafin a tashi."

"Zauna tukuna. Miƙo hannu."

Zoben da ke yatsarta ya nutse cikin nama. Sista ta ɗaura mata abin awon jini, ta matsa, ta saurara. Ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun, ta sake. Allurar ta tsaya a inda ba ta son gani.

"Kina ganin wani abu a idonki?"

"Wasu ƙyalli-ƙyalli, kamar na mai waldan can."

"Nan fa, ƙasan haƙarƙari?"

"Yana ɗan yi. Na ɗauka yunwa ce."

"Me suka ce miki a asibiti?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake."

"Anti, ban je ba."

"Yaushe rabonki da zuwa?"

"Tun da na fara zuwa nan." Ta ɗago da sauri. "Ai ke ma awo kike yi. Can sai mutum ya wuni a layi, a duba shi a tsaye, a ce ya dawo. Ni ina na ga wunin?"

Sista ta kwance abin awon daga hannun Malama. Ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfin faɗan. Ta ninke abin awon ta sa a jaka.

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzu."

"Idan na je kwantar da ni za su yi."

"Ƙwarai kuwa."

"To ba zan iya ba. Ki shafa min man kawai, wallahi idan na yi barci warwarewa zai yi. Kullum haka yake yi."

"Wannan ba irin na kullum ba ne. Jininki ya hau sosai. Idan kika kwanta a kan gadon nan, jijjiga za ta iya kama ki, ni kuma ba ni da abin da zan tare ta da shi. Duba kantar nan da kyau. Babu kwalba ɗaya da za ta sauke jininki."

Malama ta fara kuka, marar sauti, tana share hawaye da bayan hannun da ya kumbura.

"Wa zai juya Baba?"

"Wane Baba?"

"Surukina. Ɓarin jikinsa ya shanye, yana gidanmu. Maƙwabciya ce ke leƙa shi idan ina makaranta, amma ba ta iya ɗaga shi. Idan ba a juya shi ba bayansa gyambo yake yi. Ga abincinsa, ga wanka. Yara ma sun kusa dawowa. Baban yara kuma yana can wata uwa duniya da kaya."

Watanni tana tausa bayan matar nan, ba ta taɓa jin labarin tsohon ba. Ta san akwai yara, ta san akwai aji mai cike da hayaniya. Ba ta san cewa bayan da take murzawa shi ke ɗaga ƙaton namiji safe da yamma ba.

"Ba shi da 'ya'ya mata?"

"Akwai Yaya, yayar Baban yara. Tana zuwa gaishe shi."

"Gaisuwa kawai?"

Malama ta sake share hawaye.

"To ji nan. Ni zan je in juya shi. Ba ni makulli. Amma sai na ga an sa miki allura da idona."

Ta buga bango, ba irin bugun da ta saba ba. Mai walda ya shigo da gilashinsa a goshi, ya dubi Malama, bai yi wasan da ya saba ba, ya fita da gudu ya taro tasi. Akwai wata mai ciki da ta iso tana zaune a kan ƙwallo. Sista ta ba ta haƙuri ta ce ta dawo gobe. Matar ta tashi tana cewa daga nesa ta zo.

Hanya ta cushe. Direban tasin yana ta danna oda, Sista ta ce masa don Allah ya bari, ƙarar na shiga kan mara lafiya. Ta kwantar da kan Malama a kafaɗarta, ta rufe mata ido da gefen mayafi, tana ce mata ta ja numfashi ta hanci ta saki ta baki. Ta san numfashin ba zai taɓa jinin ba. Abin da take da shi ke nan a cikin motar.

A asibiti warin da ta sani ne ya tare ta tun daga baranda, na maganin wanke ƙasa da zufa. Benci a cike, kamar jiya ta bar shi. Shugabar ɗakin haihuwa tsohuwar abokiyar aikinta ce, wadda suke kira Doguwa.

"A'a, mutuniyar! Kin gudu kin bar mu, yanzu kuma kin dawo mana da aiki?"

"Duba min jininta, Doguwa. Bari wasa."

Doguwa ta duba, fuskarta ta canza. Nan da nan aka tayar da wata da ta ji sauƙi daga gado, aka kwantar da Malama, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar hana jijjiga. Likita ta zo, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yar Sista ba, idanunta sun yi ja don rashin barci.

"Mama, ta sha wani abu a wurinki?"

"Shayin citta, tun tana laulayi. Sai tausa da man zaitun. Yau ban taɓa ta ba."

Likitar ta gyaɗa kai. "Gara da kika kawo ta. Da ma tun makon jiya ne." Ba da faɗa ta faɗa ba, ta riga ta juya wajen gado na gaba.

Malama ta kamo gefen rigar Sista. "Anti, Baba."

"Na ji. Yanzu zan tafi."

Gidan ɗaki biyu ne da falo, a hawa na sama, matattakalar ba ta da abin riƙewa. Sista ta hau tana hutawa. A falo kwandon wanki ya cika ya zube, kwanukan safe na cikin baho, a kan tebur an ture littattafai gefe an ajiye magunguna. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yara suna wajenta, ta kuma kira yayar maigidan a waya.

Tsohon yana kwance a ɗakin ciki, babban mutum ne, ko da ciwo ya ci shi ƙashinsa na nan. Ya bi ta da ido ɗaya mai rai. Bakinsa ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai, amma ta gane sunan da yake nema.

"Tana asibiti, Baba. Suna duba ta. Ni ce zan gyara ka yau."

Shimfiɗar ta jiƙe. Ta nemo ruwan ɗumi da tawul, ta goge shi, ta naɗe zanen gadon ta gefe ɗaya kamar yadda suke yi a asibiti. Sai dai a asibiti mutum biyu ke yi. Da ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa da ƙugunsa ta ja, sai da ta ji yatsunta kamar za su karye, bayanta ya amsa. Ta tsaya tana haki, ta dafa bango. Ta yi tunanin mace mai cikin wata bakwai tana yin wannan kafin ta tafi makaranta, ta sake yi idan ta dawo, ta sake kafin ta kwanta. Ta ciro 'yar kwalbar mai daga jakarta ta shafa masa a wuraren da suka yi ja, a kafaɗa da ɗuwawu da dunduniya. Tsohon ya lumshe idon.

Tana ba shi abinci a cokali ne Yaya ta shigo, mace mai jiki, mayafi a kafaɗa, waya a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska.

"Ke ce mai man?"

"Ni ce ungozomar. Sannu da zuwa."

"Me kike shafa wa mahaifina?"

"Man zaitun ne, don kada fatar ta tsage."

"Irin wanda kika shafa wa matar ƙanena har ya kai ta asibiti?" Ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Tun farko na ce mata ta bar zuwa wajen masu murje-murjen nan. Mace da ciki a dinga danna mata baya? 'Ya'ya uku ta haifa lafiya lau ba tausa. Sai yanzu?"

Sista ta ajiye cokalin. Amsoshi da yawa sun zo mata baki, har da wadda ta shafi zuwa gaisuwa da hannu a naɗe. Ta dube su duka ta ga kowace tana buƙatar ƙarfi.

"Hawan jinin ciki ne," ta ce. "Tausa ba ta kawo shi, ba ta kuma sauke shi. Ga sauran abincin. A hankali ake ba shi, yana ƙwarewa. Kafin rana ta faɗi a juya shi ɗaya gefen."

"Ni zan juya shi? Da bayan nan nawa?"

Sista ta ɗauki jakarta ta ajiye makullin a kan tebur.

Jinin Malama bai sauka ba. Washegari da safe likitoci suka yanke shawarar a ciro jaririn. Sista tana zaune a barandar ɗakin tiyata lokacin da aka fito da 'yar, bakwaini, ba ta fi tafin hannu biyu ba, aka wuce da ita da sauri aka sa a kwalbar ɗumama jarirai. Uwar ta fito daga baya, ba ta san inda take ba, amma tana numfashi da kanta. Doguwa ta wuce ta dafa kafaɗar Sista.

Can da rana mijin ya iso, ko gida bai biya ba, rigarsa duk baƙin mai. Dogo ne siriri, idanunsa sun faɗa. Yayarsa ta riga ta cika masa kunne a waya tun yana hanya. Ya leƙa matarsa, ya leƙa 'yar ta bayan gilashi, sannan ya zo ya tsaya a kan Sista.

"Mama, ke ce?"

"Ni ce."

"Don girman Allah me kika yi mata? Lafiya lau na bar ta."

"Ba lafiya lau ka bar ta ba, ɗana. A tsaye ka bar ta."

Bai gane ba, ko kuma bai so ya gane ba. Ya ce zai tambayi likita, idan ya ji hannunta a ciki ba zai yarda ba. Ta ce ya tambaya. Ya je ya tambaya, likitar ta gaya masa a gurguje cewa tausa ba ta da laifi, kuma da ba a kawo matar ba da labarin ya sha bamban. Ya dawo ya wuce ta gaban Sista, ya zauna a can ƙarshen benci ya haɗa kai da gwiwa. Sista ta ɗauki jakarta. Ta tashi ta tafi shago, ta tarar da tawul ɗin jiya a jiƙe cikin bokiti sun fara wari.

Maganar likita a baranda ta tsaya. Maganar Yaya kuwa ta zaga unguwa. Aka ce mai tausa ta murza wa wata malama ciki har ɗa ya fito ba lokacinsa ba. Wasu suka ce wani mai ne daga ƙasar waje. Matar da aka mayar ranar ba ta dawo ba. Wata da ta kusa haihuwa ta aiko ƙanwarta ta ce mijinta ya hana. Sista takan buɗe shago, ta share, ta jera matasan kai, ta zauna. Mai walda ya yi kwanaki yana aiki ba wanda ya buga masa bango, har ya leƙo ya ce, "Mama, shirun nan naki ya fi ƙarata damuna." Ta yi murmushi don kada ya ji kunya.

Waɗanda suka ci gaba da zuwa kuma ta sa musu sabuwar doka: ba mai hawa gadon sai ta ga shaidar cewa ta je awon asibiti. Wata ta ce, "Anti, ashe ke ma kin zama su." Ta ɗauki jakarta ta fita. Sista ta bi ta da ido, ta san akwai wasu wuraren da za a shafa mata mai ba tambaya.

'Yarta da ke aure a wani gari ta kira ta. Labarin ya kai mata.

"Umma, ki rufe wurin nan ki taho. Ga ɗaki nan a gyare. Kin yi wa mutane iya yinki, ga sakayyar da suka yi miki."

"Akwai mata biyu da suka kusa. Bari su sauka."

"Haka kika ce bara."

"To bana ma na ce."

Ta kashe wayar ta daɗe tana kallon fanka. Ba ƙarya yarinyar ta yi ba. Ta kwatanta kanta a wancan ɗakin, ba tawul, ba bokiti, ba hawan matattakalar gidan kowa, sai ta ji daɗin abin har cikin ƙashinta. Ta ce a ranta za ta duba.

An sallami Malama, amma 'yar ta zauna a kwalba. Kullum uwar na zuwa asibiti ta wuni a benci tana tatsar nono a kofi. Sista ta je duba su sau da yawa, tana zaɓar lokacin da ta san Yaya ba ta nan. Malama ta rame, ɗinkin na damunta, amma fuskar ta saɓe. Kullum sai ta ce, "Anti, ki yafe min, na jawo miki magana." Sista ta ce ta bar wannan, ta sha ruwa da yawa.

Wata rana da yamma tana shanya tawul a bayan shago, sai ta ji sallamar namiji. Mijin Malama ne. Ya tsaya a ɗakin jira yana kallon ƙwallon roba kamar yana tsoron ta fashe. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar aiki. Ta lura yana tsaye a karkace, hannu ɗaya a ƙugu.

"Zauna mana. Ya jikin 'yar?"

"Da sauƙi. Sun ce ta fara kama nono. Wataƙila a ba mu ita kwanan nan." Ya zauna a hankali yana cije leɓe. "Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ni nake kula da Baba yanzu."

"Na gani a tafiyarka."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Mama, ni da nake ɗaga tayar babbar mota. Wallahi ban san haka yake da nauyi ba. Ban san sau nawa ake yi ba. Ita ba ta taɓa cewa komai ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Ya kalli ƙasa. Bai ba ta haƙuri a kan maganar baranda ba, ita ma ba ta jira ba. Ya ce abin da ya kawo shi, wuyan matarsa da kafaɗunta sun ƙage saboda zaman benci, ba ta iya juya kai, ba ta barci. Tana son zuwa nan amma Yaya ta ce idan ta sake taka ƙafa a shagon sai an yi rigima. Ko za ta sayar masa da man nan da take shafa mata?

"Man zaitun ne. Kowane kanti akwai shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sauran aikin hannu ne. Taso."

Ta kai shi ɗakin ciki, ta ajiye matashi a kan gado ta ce ya ɗauka kafaɗar matarsa ce. Ya danna da babban yatsa har matashin ya lotsa.

"Kai! Taya kake ɗaurewa? Mace ce da aka yi wa tiyata. Buɗe tafin. Da nan za ka yi, ba da yatsa ba. Daga wuya ka gangaro, ka zagayo, ka koma. Kada ka je kusa da ɗinkin. Idan ta yi shiru kada ka ce mata komai, kada ka tambaye ta ina aka ajiye kaza."

Ya yi ta gwadawa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Hannuwansa manya ne, duk kanta, amma da ya daina tsoro sai suka fara tafiya daidai. Ta gyara masa gwiwar hannu, ta ce haka nan.

Da ya gama ya tsaya yana goge hannu a wando, bai tafi ba.

"Mama, akwai kuma wani abu. Bayan Baba ya fara ja, wani wurin har ya ɗan buɗe. Ina jin ban iya juyin ba. Jan sa nake yi, yana jin zafi, yana kallona."

Sista ta dubi ƙofar baya, inda sauran tawul ke cikin bokiti ba a shanya ba. Ƙafafunta sun yi nauyi, tun safe take son ta miƙe su. Ta tuna matattakalar nan marar abin riƙewa.

"Yayarka tana can?"

"Tana can."

Ta ja numfashi. Ta ɗauko jakarta ta sa auduga da bandeji da safar hannu, ta kashe fanka, ta kulle shagon. Bai kawo mota ba, a ƙasa suka tafi, shi a gaba a karkace, ita a baya tana tsayawa a inuwar shaguna. A matattakala ya karɓi jakar, ya miƙo mata hannu ta riƙe.

Yaya tana zaune a falo tana yanke farce. Sista ta yi sallama ta gaishe ta. Matar ta dubi ƙanenta, ta dubi jakar, ta ci gaba da abin da take yi ba ta amsa ba. Sista ta wuce ta gabanta zuwa ɗakin tsohon. Ta nemi ruwa da sabulu ta wanke hannu, ta yaye zanen ta duba wurin da ya buɗe, bai yi zurfi ba tukuna. Sannan ta ce wa ɗan ya zagaya wancan gefen gadon, ya lanƙwasa gwiwoyinsa, ya kama zanen da hannu biyu, ya jira sai ta ce masa ya ja.